Daga rumbu zuwa ɗakin sanyi: tarihin ajiyar kaya a bakin iyakarmu

Duk wanda ya taɓa sauke buhun albasa a kasuwar Malanbil a watan Afrilu ya san abokin gābarmu na farko ba ɗan duwan ba ne. Zafi ne. A wannan lokaci rana tana wuce digiri 40 a kwarin kogin Kwara, daga Gaya har nan Madekali. Tunda a tarurrukanmu ana ta maganar mu haɗa kuɗi mu gina ɗakin sanyi na kanmu, ya dace a wannan biki mu waiwayi yadda magabata suka yi da zafin.

Sun fara da rumbu. Ba a kafa shi a ƙasa, sai a kan duwatsu ko itace, don iska ta ratsa ta ƙarƙashi, danshi da gara su rasa hanya. Bangon laka mai kauri yana jinkirta zafin rana, jinkar ciyawa kuma ta yi masa inuwa. Gero yakan shekara a ciki lafiya.

Albasa ce ta kawo sabuwar matsala, domin ita tana da rai, tana numfashi, tana fitar da ɗumi da danshi ko bayan an cire ta. Manoman Galmi da ke kan hanyar Konni zuwa Madawa, da na Aliero a jihar Kebbi, sun warware wannan da rudu: bukka ta kara da ciyawa a kan dandamali, iska na shiga ta ƙasa da gefe, ta fita ta sama. Kafin a zuba, sai an bar albasar ta sha iska har wuyanta ya bushe ya rufe. Wadda aka yi wa ban ruwa gab da cira, ko aka cika mata taki, ba rudun da zai cece ta. Da wannan dabara manomi yake riƙe kayansa daga kakar albasa har cikin damina, lokacin da farashi ke tashi.

Kasuwanci ya buɗe sosai bayan layin dogo ya iso Paraku a 1936, aka kuma gina gadar Gaya da Malanbil a 1958. Manyan motoci suka maye gurbin jakuna da jiragen ruwa, kasuwar Malanbil ta girma har ake lissafa ta bayan Dantokpa ta Kotono. Sai muka shiga gina shaguna da bulon siminti da rufin kwano, ƙofa ɗaya, ba taga, saboda tsoron ɓarayi. A ganinmu nan aka yi baya. Kwano yana tara zafi, iska ba ta da mafita, buhunan da ke tsakiya su yi gumi su ruɓe. An tsare kaya daga ɓarawo, an miƙa su ga zafi.

Ga tumatir da tattasai da ganye, wata dabara ta fito daga jihar Jigawa. Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta daga gidan magina tukwane, ya yaɗa tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai jiƙa, a rufe da tsumma mai lema. Ruwa yana bushewa ta jikin tukunyar waje, yana tafiya da zafin ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Ya samu kyautar Rolex a 2000. Sai dai dabarar tana son busasshiyar iska. Da hunturu da farkon bazara tana aiki, da damina a bakin kogi kuwa ƙarfinta kaɗan ne. Kuma ba a sa mata albasa, danshin zai kashe ta.

Rufe iyakoki ne ya sa maganar ajiya ta zama ta kowa. Najeriya ta rufe nata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, hanyar Ilo da Lolo ta tsaya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka toshe gadar, motoci suka yi layi, kaya suka koma ƙetarawa a kwalekwale. Mai masara ya jira. Mai kayan gwari ya zubar.

To, kafin a fara karɓar gudummawa, ga abin da wannan tarihi ya nuna. Albasa tana zama lafiya a wuri biyu: ko sanyi kusa da digiri 0, ko ɗumi na wajen 25 zuwa 30 tare da busasshiyar iska. Tsakanin nan ne take tsiro. Ɗakin da muka liƙa wa na'urar sanyaya ɗaki ta gida zai tsaya daidai a wannan tsakiya, wato mu biya kuɗin wuta don albasarmu ta fitar da ganye. Tumatir shi kuma ba ya son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10, kuma yana son danshin da albasa ta ƙi. Ɗaki ɗaya ba zai ɗauke su duka ba.

Ɓangaren albasa ba ya buƙatar inji. Yana buƙatar kafofin iska a ƙasa da wasu a can sama kusa da rufi, da ragar waya saboda ɓeraye, da silin ko ciyawa tsakanin kwano da kaya, da katako a ƙarƙashin buhuna, da rata tsakaninsu da bango. A buɗe kafofin da dare iska mai sanyi ta shiga, a rage su idan rana ta take. A rataye ma'aunin zafi a tsakiyar kaya, ba a bakin ƙofa ba, wani ya riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Kuɗin inji da faifan hasken rana a ajiye su ga ƙaramin ɗakin tumatir da tattasai, wanda shi ne zai buƙaci bango mai hana zafi shiga da ƙofar da ke rufuwa ruf.