Liyarin da ke ƙasan adudu

A rubutun boko gado biyu ne da haruffa iri ɗaya. Akwai wanda ake kwanciya a kai, ana faɗinsa a taƙaice, akwai kuma wanda mamaci ke bari, shi ana jan "ga" ɗinsa. Wani lokaci ma sukan haɗu, idan gadon ƙarfe mai rumfa na tsohuwa ya faɗo a rabon 'yarta, ya zama gadon gado.

Malaman rabo suna cewa tarika, daga Larabci, wato abin da aka tafi aka bari. Amma tarika ana yi mata kuɗi a raba. Ni ina maganar ɗan abin nan ne da ba a kai shi kasuwa, wanda ake cewa "wannan na Inna ne". "Kayan gado" ya yi masa faɗi, don har gona da shanu suna ciki. Tsaraba kuwa ta mai dawowa daga tafiya ce. Sai dai a buɗe ma'ajiya a kira kowane abu da sunansa.

Ma'ajiyar kanta suna uku gare ta. Adudu saƙa ne mai murfi, sau da yawa a lulluɓe da fata. Akwati daga kudu ya zo, Yarbawa na cewa àpótí. Sanduƙi na Larabawa ne, kuma a kunnena ya fi sauran nauyi.

A ciki za a tarar da murjani, marjān na Larabci, da tandun kwalli, da munduwar azurfa. Azurfa sunan Buzaye ce, aẓref, kamar yadda takobin kaka ya ɗauko sunansa daga takoba tasu. Zinariya ta fi ban sha'awa. Daga dinari take, dinari kuma daga denarius na Rumawa, wanda kuɗin azurfa ne! Matan yanzu sun fi cewa gwal, aron Turanci na baya-bayan nan.

Can ƙasa, a ƙulle cikin tsumma, akwai wani faffaɗan kuɗin azurfa mai hoton mace, wani har da ɗan kunne da maƙeri ya liƙa masa don a rataya a wuya. Liyari ke nan. Larabawa sun ce riyal, bakin Bahaushe ya sauya wa "r" da "l" wuri. Su ma Larabawa aro suka yi daga real na Sifaniyawa, ma'anarsa "na sarki". Macen kuwa Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya. Duba shekarar: 1780. Kada mai shi ya yi saurin cewa liyarinsa ya haura shekara 240. A shekarar ta rasu, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan lamba ba a sauya ba, domin 'yan kasuwar Habasha da ƙasashen Larabawa ita suka sani, ita suka yarda da ita.

A can Ostiriya sunansa taler, guntun Joachimsthaler, kuɗin da aka fara bugawa a ƙarni na 16 da azurfar wani kwari a Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau. Daga taler aka sami dala. Ba ruwanta da Dutsen Dala na Kano. A Nijeriya dala ta taɓa zama sule biyu, wanda wasu ke kira fataka, daga pataca ta Fotugal. A Nijar har gobe dala faran biyar ce, shi ya sa a kasuwar Maraɗi faran 100 ake kira dala ashirin.