Ganga da Aiki: Darasi Daga Birnin Rum na Shekarar 1347

Duk lokacin da kakar zaɓe ta gabato, mukan ga abin da muka saba gani: jerin gwanon motoci, da maroƙa, da taron jama'ar da aka yi haya, da aza harsashin ginin da ba za a sake waiwayarsa ba. Da yawa daga cikinmu na ɗauka cewa wannan siyasa ta burga 'yar zamani ce, talabijin da Facebook suka haife ta. Wannan maƙala za ta waiwayi birnin Rum na ƙasar Italiya a ƙarni na 14, domin mu ga yadda burga kan fara da kuma inda takan kai mai ita.

A wancan zamani Rum ta zama marainiya. Tun daga 1309 Paparoma ya koma Abinyon, wadda ke cikin Faransa a yau, ya bar birnin a hannun manyan gidajen masu ƙarfi, musamman Kolona da Orsini. Waɗannan sun mallake gadoji da ƙofofin gari, yaransu na tare hanya suna yi wa manoma da maziyarta fashi, ga kuma shari'a ta zama ta mai dogon takobi.

Cikin wannan hali ne Kola di Riyanzo ya fito. Ɗan talakawa ne, mahaifinsa mai gidan sayar da giya, mahaifiyarsa kuwa wankau take yi. Ya yi karatu har ya zama magatakardan birni, ga shi da baiwar magana. Da yake yawancin mutane ba sa karatu, sai ya sa aka zana masa hotuna a bango, ciki har da na wata bazawara cikin baƙaƙen tufafi a jirgin ruwan da guguwa ke shirin kifarwa, watau Rum ke nan. A wannan mataki nunin nasa hanya ce ta faɗa wa talakawa gaskiyar halinsu.

Ran 20 ga Mayu, 1347, ya hau tudun Kafitol ya karɓi mulki da yardar jama'a, da sunan mai kare talakawa. Dokokinsa na farko abin yabo ne: wanda ya yi kisa a kashe shi ko ɗan wane ne, a yanke shari'a cikin kwana 15, kowace unguwa ta sami dakarunta da rumbun hatsinta, gadoji da ƙofofi kuma su fita daga hannun masu ƙarfi. Har wani babban mutum, Martino di Forto, aka rataye saboda ya washe jirgin ruwan da ya maƙale a gaɓa. Hanyoyi suka yi lafiya, fatake suka dawo.

To, amma ba a daɗe ba ganga ta fi aikin ƙara. A farkon Agusta ya yi wanka cikin kwamin dutsen da ake cewa a nan aka yi wa Sarki Kustantin wankan shiga Kiristanci, aka naɗa shi jarumi, aka wuni ruwa da giya na kwarara daga hancin wani dokin tagulla. Ran 15 ga watan aka ɗora masa kambuna iri-iri. Da dakarunsa suka kashe manyan gidan Kolona a watan Nuwamba, maimakon ya ƙarasa aikin, sai ya koma fagen yaƙin ya yayyafa wa ɗansa ruwan da ya gauraya da jinin mamatan. Ran 15 ga Disamba aka buga ƙararrawar neman gudummawa, jama'a suka ƙi fitowa, ya sauka yana kuka bayan wata bakwai kacal.

Ya komo a Agustan 1354 da goyon bayan Paparoma, aka tarbe shi da guɗa. Sai dai biki da sojan haya kuɗi suke ci, don haka ya ɗora haraji kan gishiri da giya. Ran 8 ga Oktoba talakawa suka kewaye fadarsa. Ya aske gemu, ya shafa baƙi a fuska, ya saje da taron yana neman sulalewa, amma mundayen zinaren da ya manta a hannunsa suka tona masa asiri. A ranar aka kashe shi. Adon da ya ɗaukaka shi ne ya bashe shi.

Abin lura shi ne, mutanen Rum ba don hotuna suka bi Kola ba, sun bi shi ne don hanya mai aminci da alƙali mai adalci, ranar da suka rasa waɗannan kuwa suka janye. Mu ma, kafin mu tafa wa mai jerin gwano, ya kamata mu tambaye shi abu biyu: wa zai biya kuɗin wannan biki, kuma me za mu tarar a unguwarmu idan makaɗa sun watse? In ba mu yi tambayar yau ba, gobe za mu ji amsarta a farashin gishiri.