Tarihin Akwatin Sham Da Muka Tsinta A Ofis



Ranar Asabar da muke kwashe shirgin ofis saboda fenti, yara suka jawo wani ɗan akwatin katako daga bayan kabad, har sun haɗa shi da kayan zubarwa. Allah Ya sa na gani. A cikinsa dattawanmu na farko suke ajiye hatimin ƙungiya da rasitai, kuma tsarabar aikin hajji ce. Na goge ƙurar, sai ga taurari ƙanana reras a jikin murfin. Wani matashi ya ce ai zanen fenti ne. Ba fenti ba ne, kowane ɗigo guntun itace ne da aka yanka aka dasa da hannu. Shi ya sa na ce bari in kawo mana tarihin abin.

Wannan aiki ya yi suna ne a ƙasar Sham, wato Siriya, da kuma Masar. Kafin ya sauko kan ƙananan akwatuna, a jikin ƙofofin masallatai da mumbari da akwatin ajiye Alƙur'ani ake ganinsa. Mafi shahara shi ne mumbarin da Sarki Nuruddin Zangi ya sa masassaƙan Halab suka yi wajen shekarar 1168, da niyyar kai shi Masallacin Ƙudus, alhali a lokacin birnin yana hannun mayaƙan Turai. Nuruddin ya rasu a 1174 bai ga cikar burinsa ba. Sai da Salahuddin Ayyubi ya karɓi Ƙudus a 1187 sannan aka ɗauko mumbarin aka kafa shi. An yi masa ado da hauren giwa da wani baƙin itace dangin kanya, kuma guntayen katakon saƙa su aka yi, kowanne ya riƙe ɗan'uwansa ba tare da ƙusa ba.

Kusan shekara 800 yana nan, har ranar 21 ga Agusta 1969 da wani ɗan Ostareliya ya cinna wa masallacin wuta, mumbarin ya ƙone. Da aka tashi yin madadinsa sai aka tarar masu wannan ilimi sun yi ƙaranci ƙwarai. Sai da aka tattaro gwanaye daga ƙasashe daban-daban a Jodan, suka haɗa guntaye fiye da 16,000, aka kafa sabon a 2007. Ku duba, shekara 38 kafin a mayar da abu ɗaya.

To irin adon da ke jikin namu akwatin bai kai wancan tsufa ba. Ana danganta shi da wani kafinta Kirista na birnin Dimashƙa mai suna Jurji Bitar, wanda aka haifa a 1840 ya rasu a 1935. Wajen 1860 ya fito da dabarar. Maimakon a riƙa dasa guntaye ɗaya bayan ɗaya, sai a feƙe dogayen tsinkaye sirara masu kusurwa uku daga itatuwa masu launi daban-daban, kamar itacen lemo mai haske da itacen jauz mai duhu. A jera su a manne da gam su zama sanda guda, yadda in ka leƙa bakinta za ka ga tauraro. Daga nan a sa zarto a yi ta yanka ta fale-fale, kamar mai yanka albasa, kowane yanki ya fito da tauraro iri ɗaya. Su ake shimfiɗawa a jikin akwatin, a goge, a shafa mai. A ganina wannan dabara ce ta sa abin da a da sai sarakuna ya zama mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya saye ya kawo tsaraba.

Farin abin nan mai walƙiya kuwa Larabawa suna ce masa sadaf. Cikin ɓawon wata halittar ruwa ce mai kama da katantanwa. Shi sai an fafe masa gurbi a jikin katakon daidai girmansa. Wasu kuma ƙashin raƙumi suke sawa. Yaranmu da suka yi karatu a Azhar sun san irinsu, ga su nan jibge a kasuwar Khan al-Khalili ta Alƙahira.

Yaƙin da ya ɓarke a Siriya a 2011 ya taɓa sana'ar sosai. Baƙi masu saye suka ɗauke ƙafa, masu aikin da dama suka yi hijira zuwa Jodan da Lebanon da Masar da Turkiyya. Dama tun kafin nan na jabu sun cika kasuwa, roba a madadin sadaf, ko takarda mai zane da aka manna aka bi da mai. Ni kaina an taɓa sayar mini da irinsa, damina ɗaya ya ɗaye.

Duk mai irin wannan akwati a gida, na mahaifi ko na kaka, ya karkata shi a hasken rana. Sadaf na gaske launinsa yana sauyawa, kuma za ka ga mahaɗar guntayen da ɗan bambancin aikin hannu. Kada a wanke shi da ruwa, kuma a nisanta shi da danshin nan namu na Kudu, don shi ke sakin gam ɗin.

Namu guntaye huɗu suka faɗi daga gefen murfin, mun tsinci uku. Yanzu yana hannun shugaba. Yaran da suka yi shara ranar, don Allah a duba mana na huɗun.

Sakatare