Safiyar 1 Ga Oktoba: Ranar Da Lafiya Ke Da Biki Biyu



Duk wanda ya san Lafiya ya san safiyarta ba ta da haƙuri. Kafin rana ta fito, masu Keke Napep sun cika titin Jos da na Makurɗi, 'yan makaranta na sauri, motocin doya na neman hanyar kasuwa. Amma ranar 1 ga Oktoba daban take. Hutu ne, ofisoshi a rufe, makarantu a rufe. Bayan sallar Asuba sai gari ya yi tsit, mutum ya samu damar zama da kokonsa da ƙosai ba tare da duba agogo ba. Irin wannan safiya ce ta fi dacewa da tuna baya, domin ranar tana ɗauke da tarihi fiye da yadda yawancinmu muka ɗauka.

Kowa ya san a ranar Asabar, 1 ga Oktoba 1960, Nijeriya ta samu 'yancin kai. A irin wannan rana a 1963 ta zama jamhuriya, a 1979 kuma aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari. Sai dai mu mutanen Lafiya muna da tamu ta musamman. Ranar Talata, 1 ga Oktoba 1996, Janar Sani Abacha ya sanar da ƙirƙiro sabbin jihohi shida: Nasarawa, Gombe, Zamfara, Ebonyi, Ekiti da Bayelsa. Aka cire Nasarawa daga Filato, aka ce Lafiya ce babban birni. Wing Kwamanda Abdullahi Ibrahim ne ya fara riƙon jihar.

Ga wani abin lura. A ranar da Nijeriya ta cika shekara 36 ne jihohinta suka kai 36, daga 30. Saboda haka lissafin ba wuya: a cire 36 daga shekarun Nijeriya, abin da ya rage shi ne shekarun jiharmu.

Kafin a kai nan an sha tafiya. A zamanin Turawa Lafiya na ƙarƙashin Lardin Binuwai, harkokinta na bi ta Makurɗi zuwa Kaduna, hedikwatar Arewa. Ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, muka faɗa Binuwai-Filato, babban birni Jos. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammad ya raba wannan jiha biyu, Lafiya ta tsaya a Filato. A jawabin da ya yi a wannan rana ce ya sanar da mayar da babban birnin tarayya Abuja, maƙwabciyarmu a yau. Kwana goma bayan haka, safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu, aka kashe shi a Legas yana kan hanyar ofis. Daga 1967 zuwa 1996, shekara 29 ke nan, duk mai neman sa hannu a takardar gwamnatin jiha sai ya hau dutsen Jos.

Marigayi Sarkin Lafiya Isa Mustafa Agwai ya ga yawancin wannan sauyi yana kan karaga. Ya hau mulki a 1974 a jihar Binuwai-Filato, ya ci gaba a Filato, ya rasu a Janairun 2019 a jihar Nasarawa: jihohi uku, fada ɗaya. Bayansa aka naɗa Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli. Ita kuwa masarautar ta girmi duk waɗannan jihohi nesa ba kusa ba, tunda asalinta na komawa ga Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari.

Abin damuwa shi ne bikin ƙasa yakan haɗiye namu. Yaron da aka haifa bayan 1996 ya buɗe ido ya ga gidan gwamnati a titin Shendam, ya ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, sai ya ɗauka haka aka halicci garin. Dattawan da suka yi fafutukar neman jiha, da ma'aikatan da suka kwaso kaya daga Jos, kullum raguwa suke yi. In suka tafi da labarin a ciki, ba mu da inda za mu samo shi.

Don haka ga shawara. Kowane gida ya zaɓi dattijo guda, a gaishe shi, a tambaye shi: Baba, ina kake lokacin da aka ba mu jiha? A ɗauki amsar a waya, a rubuta sunansa da unguwarsu da kwanan wata, a kawo wa ƙungiya mu adana. Da sanyin safiya ake kama fara.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Lafiya lafiya. Amin.