Ambaton Wani Dattijo Manomi na Ɗanzomo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, na riski wani dattijo a Ɗanzomo, ƙasar Gumel, cikin waɗanda Turawan Ingila suka kai yaƙin Bama a 1943. Ya komo a 1946, ya ajiye bindiga, ya ɗauki hauya. Da fari ya auku a 1973, gero ya bushe a gona, sai ya buɗe rumbunsa ga maƙwabta, iri kaɗai ya rage. Ba gayyar da ta wuce shi har tsufa ya zaunar da shi. Ranar jana'izarsa ban ji mai zancen Bama ba, rumbun nan ake ta ambato. To, ka duba abin da za a ambace ka da shi. Allah Ya jiƙansa. Tamat.