Tarihin Manhajojin Java a Wayoyin Hannu: Daga Kaliforniya zuwa Nyohini

An yi wani zamani, daga wajajen 2006 zuwa 2014, da matashin da ya je sayen waya a Nyohini, ko a wata unguwa ta birnin Tamale, kan tambayi mai shago abu guda kafin a shiga ciniki: shin wayar tana ɗaukar Java? Amsar da aka ba shi ita ce ke tantance ko wayar ta kira da aika saƙo ce kawai, ko kuwa za ta iya kai shi intanet. Yau tambayar ta ɓace daga bakin mutane, har yaran da suka taso da wayoyin shafa-shafa ba su san an taɓa yin ta ba. Amma tarihin da ke bayanta ya cancanci a sani, domin yana nuna yadda fasaha mai kyau kan faɗi saboda wahalar isar da ita hannun mai amfani.

Manhajoji iri biyu ne idan aka dubi inda aikinsu yake gudana. Akwai wadda ake girkawa a cikin na'ura, ta zauna da hotunanta da ma'ajiyarta, ta yi mafi yawan aikinta ko da babu intanet. Wannan ana iya kiran ta manhaja mai zaman kanta. Akwai kuma wadda ba ta riƙe komai, sai dai ta ɗauki buƙatar mutum ta kai wa wata babbar kwamfuta da ke nesa, wadda ake kira uwar garke, ta dawo da amsa. Wannan kamar 'yar aike take. Ta farkon ta fi armashi da sauri, amma tana da sharaɗi mai nauyi, wato sai an kai ta cikin kowace na'ura, an tabbatar ta zauna daidai, kuma duk lokacin da aka yi mata gyara sai an sake kai sabuwar.

Kamfanin Sun Microsystems na jihar Kaliforniya a Amurka ya fito da harshen Java a 1995, ƙarƙashin jagorancin James Gosling. Alkawarin da ya zo da shi shi ne a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kowace na'ura. A 1999 kamfanin ya sanar da wani reshe na musamman domin ƙananan na'urori, wanda aka sani da J2ME, daga baya Java ME. Nokia da Sony Ericsson da Motorola da Samsung duk sun karɓe shi. Wayoyin Nokia masu tsarin Series 40, waɗanda suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma, su ne suka kai shi garuruwa irin su Tamale da Kano da Maraɗi.

Manhajar da ta fi kowace tasiri a wannan yanki ita ce Opera Mini, ta wani kamfani a Norway, wadda aka saki ga duniya a farkon 2006. Dabararta ita ce shafin intanet ya fara bi ta kwamfutocin kamfanin, a matse shi ya ƙanƙance, sannan a turo shi waya. Ga wanda yake sayen kati na 'yan sidi kaɗan, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai 2go, manhajar hira daga Afirka ta Kudu, wadda ta mamaye matasan Nijeriya a wajajen 2012. A 2011 kuma Facebook ya sayi kamfanin Snaptu, ya fitar da manhajarsa ta Java domin ƙananan wayoyi. Mutane da yawa a arewacin Ghana ta wannan ƙofa suka fara shiga intanet, ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba.

Inda gizo ke saƙar

Alkawarin rubutu sau ɗaya bai cika ba. Kowane kamfanin waya ya aiwatar da Java yadda ya ga dama. Fuskar wata wayar ɗigo 128 ne a tsaye da kwance, ta wata 240 da 320. Wasu tsofaffin wayoyin ba sa karɓar manhajar da ta wuce kilobayit 64. Maɓallin da yake nufin "koma baya" a wannan waya, a waccan wani aiki yake yi. Saboda haka mai rubuta manhaja kan wayi gari da kwafi barkatai na abu guda, kowane da wayar da aka yanka shi dominta, kamar tela da aka ce ya ɗinka riga ɗaya da za ta shiga kowa a gari. Wayoyin da ake kira 'yan Chana kuwa, masu layi biyu da ƙarar rediyo, da yawansu ba sa ɗaukar Java kwata-kwata, alhali su ne talaka ya fi iya saya.

Ko an dace da kwafin da ya yi daidai, saura kai shi cikin wayar. Babu wata kasuwar manhajoji guda da kowa ya sani. Fayil ɗin mai ƙarewa da .jar sai an sauko da shi daga wani shafi, wanda kuma ke buƙatar a riga an saita intanet ɗin kamfanin layi a wayar. Sau da yawa burauzar wayar takan buɗe shafi lafiya, amma manhajar Java ta ƙi haɗuwa, domin ita tana neman nata saitin daban. A nan ne masu gyaran waya da masu tura waƙoƙi da fina-finai a katin memori suka shigo. Su ne suka zama ainihin masu rarraba manhajoji, suna karɓar ɗan abin hasafi su saita waya su zuba mata abin da ake yayi. Kamfanonin da ke Amurka da Finland ba su tsara da su ba, amma ba don su ba da manhajojin ba su kai ko'ina ba. Illar ita ce kwafin da ya shiga wayar mutum yakan zauna a haka shekara da shekaru, ko da an fitar da gyararre sau goma.

Akwai kuma batun izini. Manhajar da ba ta da sa hannun wata hukumar tantancewa takan sa waya ta riƙa tambayar mai ita, kusan a kowane motsi, ko ya yarda ta shiga intanet ko ta buɗe fayil. Samun sa hannun kuwa kuɗi ne da ƙaramin mai rubuta manhaja a Accra ko Kumasi zai ji a jikinsa.

Ɗaliban Hausa za su so su lura da wani abu a gefe. Mafi yawan waɗannan wayoyi ba su da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, haka nan ba su da ɛ da ɔ da ŋ da ɣ na harshen Dagbani, wanda shi ne harshen akasarin mutanen Tamale. Mai rubutu ya saba da sa k a gurbin ƙ, ya bar mai karatu ya rarrabe tsakanin kafa da ƙafa. Ɗabi'ar ta daɗe tun zamanin keken rubutu, amma shekarun hira a waya sun ƙara mata gindin zama.

Gwajin Navrongo

Misalin da ya fi fito da matsalar fili ya faru a arewa da Tamale, a yankin Kassena-Nankana da ke kewaye da Navrongo, kusa da iyakar Burkina Faso. A 2010 Hukumar Lafiya ta Ghana da Gidauniyar Grameen da Jami'ar Columbia, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, suka ƙaddamar da shirin MOTECH domin kula da mata masu juna biyu da jarirai. Shirin yana da ɓangare biyu. Mata suna samun saƙon murya a harshensu, wanda kowace irin waya ke iya karɓa. Ma'aikatan jinya kuma suna shigar da bayanan marasa lafiya ta waya. Da fari an yi tunanin ma'aikatan za su yi amfani da wayoyin kansu, sai aka tarar wayoyin sun sha bamban ƙwarai. A ƙarshe sai da aka saya musu wayoyin Nokia iri ɗaya masu ɗaukar Java. Ma'ana, domin manhajar da aka ce tana aiki a ko'ina ta yi aiki a gunduma ɗaya, sai da aka daidaita na'urar kowa.

Faɗuwar ta zo daga sama. Wayar Android ta farko ta fito a 2008. Ana rubuta manhajojinta da harshen Java, amma ba ta buɗe fayilolin Java ME, kuma ta zo da kasuwa guda da mutum zai shiga ya sauke abin da yake so, gyara kuma ya riske shi ba tare da ya je wurin kowa ba. Oracle ya sayi Sun a 2010, a shekarar kuma ya maka Google a kotu kan amfani da Java, shari'ar da ba ta ƙare ba sai a Afrilun 2021, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya. Kafin nan kasuwa ta riga ta yanke nata hukuncin. Nokia ya sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa a 2014, Tecno da Itel da Infinix suka cika shaguna da Android mai araha, WhatsApp kuma ya daina aiki a Series 40 a ƙarshen 2018.

Abin da ya tsira daga wancan zamani shi ne wanda aka fi rainawa. MTN ya fara hidimar aika kuɗi ta waya a Ghana a 2009, kuma har yanzu mai sayar da doya ko shinkafa a kasuwar Aboabo lambar *170# take dannawa. Babu hoto, babu launi, babu abin da ake girkawa, 'yan layuka ne na rubutu da lambobi da ke zuwa daga kwamfutar kamfani, kuma suna fitowa iri ɗaya a tsohuwar Nokia da sabuwar Android. Su kansu manhajojin Android ba su rabu da tsohon ciwon ba, domin nauyinsu yakan fi ƙarfin ma'ajiyar waya mai araha da kuɗin data. Shi ya sa Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015, kuma shi ya sa matasa a Nyohini suke tura wa juna manhajoji ta Xender, waya zuwa waya, kamar yadda yayyensu suka riƙa karɓar fayilolin Java a teburin mai gyara.