Daga Filafilin Gungawa Zuwa Tattakin Zamani

A watan Afrilun 2024 wani Baturen Ingila, Russ Cook, ya kammala ratsa Afirka da gudu, daga ƙarshen ƙasar Afirka ta Kudu har gaɓar tekun Tunisiya, kilomita sama da 16,000 cikin kwana 352. Tun gumi bai bushe masa ba gardama ta kaure, wasu suka ce Jesper Olsen, mutumin Denmark, ya riga shi. Ƙurar wannan magana ta iso mana har bakin ruwan Yelwa. Ina zaune cikin masu jiran jirgi wani saurayi ya miƙa wa wani dattijo waya ya ce, "Baba, ka ga namijin duniya." Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, kaya ya ɗauko ko saƙo ya kai?" Aka ce ko ɗaya. Ya mayar da wayar, na lura da tafin hannunsa, kanta ce jere daga tushen yatsu har wuyan hannu, irin wadda filafili kaɗai ke yi wa mutum.

Tambayar dattijon ce ta sa ni bin sawun al'amarin. Yaushe doguwar tafiya da ƙarfin jiki ta tashi daga larura ta koma abin da ake yi don a ce an yi?

Can baya dai babu abin a zo a gani a ciki. Gungawa na tsibiran Kwara, wato Kogin Neja, da Sarkawa masunta sun tuƙa wannan ruwa tun kafin a fara rubuta sunayen sarakunan Yauri. Fataken Kano da ke zuwa Gwanja saro goro a wannan yanki suke yin fito, su da jakunansu da kanwarsu, wata da watanni suna hanya. Alhazan ƙasa kuwa, masu bi ta Borno da Wadai da Darfur, wasu sai sun shekara bakwai, wasu Sudan ta riƙe su har jikokinsu. Ba wanda ya auna musu kilomita.

Inda takardu suka fara yawa shi ne 1805. A Nuwambar shekarar Mungo Park ya taso daga Sansanding, a Mali ta yau, cikin jirgin da ya haɗa daga tsofaffin kwalekwale ya raɗa masa suna Joliba. Cikin Turawa arba'in da ɗoriya da suka baro Gambiya, biyar ne suka rage da rai a ranar tashi. Suka yi sama da kilomita 1,500 ba sa yarda su sauka gaɓa, duk jirgin da ya matso sai su buɗe masa wuta. Wanda ya riƙe musu tafiyar, yana sayo abinci yana yi musu tafinta, shi ne Amadi Fatuma, kuma a Yauri alkawarinsa ya cika ya sauka. Daga bakinsa aka ji sauran labarin shekaru bayan haka: Park ya ba da kyauta a kai wa Sarki, wanda aka danƙa wa ya danne, Sarki ya ɗauka baƙo ya wuce ba gaisuwa. A duwatsun Bussa, farkon 1806, jirgin ya maƙale, aka yi ta ruwan kibau, Park ya faɗa ruwa bai fito ba. Shi ma Amadi ya ce ya sha mari a ƙafa wata uku a Yauri. Na karanta wannan labari sau da yawa, kuma kullum abu ɗaya nake gani. Ranar da Park ya rabu da mai jin harshen mutanen gaɓa, ranar tafiyarsa ta ƙare.

A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka iso Bussa, suka hau ruwa zuwa Yauri neman takardun Park. Sun fi wata guda a Birnin Yauri, ba su samu abin da suka zo nema ba. Suka juya, suka gangara har teku a watan Nuwamba, duniya ta yarda cewa Kwara a can take zuba. Richard ya karɓi lambar yabo a Landan. Amma a cikin ayarinsu akwai wani tsoho Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, tafintan da ya yi wa wani Bature, Clapperton, aiki tun kafin nan. Matuƙan da sarakunan Bussa da Wawa da Yauri suka ba su kuwa, waɗanda suka san wace kwana ce ke da dutse a ƙasa, wace ce maƙwancin dorina, ko sunansu ba a ajiye ba. Shi ya sa har yau ran mutanen nan ke ɓaci idan ɗan firamare ya dawo gida yana haddace cewa Mungo Park ne ya gano Kogin Neja.

Masu cewa tattakin zamani gadon waɗannan Turawa ne suna da hujja, ban musa ba. A 2002 Ba'amurkiya Kira Salak ta tuƙa ɗan kwalekwalen roba ita kaɗai daga Segu zuwa Tambutu, kusan kilomita 1,000, kuma da bakinta ta ce sawun Park take bi. Sai dai Park da su Lander ba gwajin ƙarfi suka fito ba. Ma'aikata ne da aka aiko nemo wa Ingila hanyar ciniki, da sun sami jirgi mai inji da gudu za su hau. Hujja kuwa, Richard Lander da kansa ya dawo a 1832 da jiragen tururi.

Ni a ganina inji ne ya haifi wannan abu. Tafiyar ƙafa ba ta zama bajinta sai ranar da mota ta samu, mutum ya ga mota ya ƙi shiga. Dubi Faransawa uku, Jean Rouch da Jean Sauvy da Pierre Ponty, da suka bi Kwara daga mafarinta a Gini a 1946 har biyu daga cikinsu suka shiga teku a Maris 1947, kilomita wajen 4,200, ruwan ya biyo da su ta gaban Yelwa. A lokacin akwai jirgin ƙasa, akwai mota, akwai jirgin sama. Su suka zaɓi kwalekwale, kuma suka riƙo kyamara. Nan ne abin ya sauya kama: wahala ta ganin dama, da shaidar da za a nuna wa waɗanda ba su je ba.

Mu a Yauri sauyin ya zo mana da ruwa. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka datse kogin a 1968. Tsohuwar Bussa da duwatsun da suka ci Park suka nutse, tsibirai da dama suka bi su, aka tashi mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Kogin da ake bi da gwangwala ya zama tafki mai faɗin da iska ke tayar masa da taguwa, injin Yamaha ya karɓe dogon zango. Filafili bai mutu ba, masunta na riƙe da shi, amma a bikin Rigata ne yanzu ake taruwa a tafa wa mai shi. Abin da kakanni suka yi don kaiwa kasuwa da farautar dorina, jikoki na yinsa don tsere a gaban Sarki.

Akwai kuma masu cewa duk roƙo ne aka sa wa takalmi. Suna nuni da 2015, lokacin da Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja, kusan mako uku, don murnar nasarar Buhari, daga nan kowane lungu ya fitar da nasa ɗan tattakin, kowa da hoton ɗan siyasa a ƙirji. Gaskiya ne an ɓata abin, kuma ina jin takaici idan na ga saurayi mai jini a jika ya ƙarar da ƙafarsa a ƙofar wani mai muƙami. Amma wannan bayani bai ɗauki Mamadou Safayou Barry ba, ɗan Gini da ya hau keke a 2023 ya nufi Azhar neman karatu, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, aka tsare shi a hanya ba sau ɗaya ba, kafin mutanen kirki su haɗa masa kuɗin jirgi. Wannan jikan alhazan ƙasa ne. Kuma da dattijon bakin ruwa ya tambaye shi me ya kai shi, yana da amsa.

Wani abin da masu yaba wa baƙi ke mantawa shi ne ruwan nan bai daina cin mutane ba. A Mayun 2021 jirgi ya rabe kusa da Wara, a Ngaski, mutum sama da ɗari suka salwanta, yawancinsu masu neman abin sakawa a bakin salati. Babu wanda ke bin tafiyarsu a taswirar waya. Mai tuƙa mata da buhunan gero tsakanin kututturan da tafki ya binne, babu rigar ruwa, sau biyu a mako, shi ma ƙarfin jikinsa da ransa ya sa a gaba.

Duk da haka ina son in ga ranar da wani ɗan Gungawa ko ɗan Sarkawa zai tura kwalekwale daga Yelwa da nufin ganin teku, ya rubuta sunan kowane gari da ya kwana da na kowane sarkin ruwa da ya nuna masa hanya. Zai fara da tsawon tafkin, kilomita ɗari da talatin da wani abu, ya wuce Wara, ya bi ta saman tsohuwar Bussa ba tare da ya ga ko dutse ɗaya ba. A Kainji sai ya nemi masu taya shi ɗaukar jirgin a ka su zagaye madatsa, haka kuma a Jebba, kafin ruwan ya sake shi zuwa Lakwaja.